Mako ɗaya a Maroko da jakar goyo: yadda za ka tsara tafiyar, da ramukan da na faɗa

Ranar da na sauka a Kasabalanka, jakar da ke bayana ta kai kilo 14. Ranar da zan dawo na zazzage ta a kan gado, na ware abin da na yi amfani da shi, bai kai rabi ba. Sauran na yi ta dakonsa ne daga tasha zuwa tasha har kafaɗata ta yi kanta. Na rubuta wannan jagora don wanda ke da kwana bakwai da ɗan guziri, yana son ya ga Fas da Marakesh da idonsa ba tare da ya shiga ayarin wani kamfani ba. Abu ne mai yiwuwa, da sauƙi ma, muddin ka yarda ka rage buri: garuruwa huɗu kacal, kuma Fas ta samu kaso mafi tsoka.

Kafin ka bar gida

Fara da takardu. Ɗan Najeriya sai da biza, don haka ka nema da wuri, ka kuma tabbatar fasfonka yana da sauran aƙalla wata shida. Idan fasfon wata ƙasa gare ka, tambayi ofishin jakadancin Maroko halin da ake ciki a shekarar, domin ƙa'idojin suna sauyawa. Haɗa da katin allurar shawara. Sannan ka buga abu uku a takarda: tikitin dawowa, shaidar kama masauki, da hoton shafin farko na fasfo. Jami'in shige da fice zai iya tambayarka inda za ka kwana, kuma a daidai lokacin wayarka ba ta da intanet. In ya buga maka hatimi, duba lambar da ya sa a gefensa. Ita za a nema a kowane masauki yayin cike fom.

Sai kuɗi. Kuɗinsu dirhami ne, a can ake sayensa, kuma ba mai karɓar naira a hannunka. Tafi da dala ko yuro, sababbi marasa yaga, ka raba su gida biyu: wasu a aljihun ciki, wasu a ƙasan jaka. Kada ka dogara da katin bankin gida shi kaɗai. A filin jirgi ka canza kaɗan, wanda zai ishe ka kwana guda, sauran ka bari sai cikin gari inda farashi ya fi kyau. Ajiye rasit. Ka kuma dage a ba ka ƙananan takardu, 'yan 20 da 50, saboda mai tasi da mai shayi ba kasafai suke da canjin 200 ba.

Jakar kuwa, kada ta wuce kilo 8. Kaya kala uku sun isa, da takalmi rufaffe wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, da silifas na banɗaki, ƙaramin tawul, kwaɗo, maganin ciwon kai, da gishirin zawo. Idan tsakanin Nuwamba da Maris za ka je, sa rigar sanyi mai kauri. Ni na raina wannan, na ce wanda ya saba da hunturun gida me zai ba shi tsoro. Sanyin Fas daban ne: mai laima ne, yana fitowa daga bango da tayil ɗin ƙasa, kuma tsofaffin gidajen an gina su ne don maganin zafi. Daren farko da safa biyu na kwana, haƙorana na kaɗawa. Watannin Yuli da Agusta kuma Marakesh takan haura digiri 40. Afrilu, Mayu da Oktoba sun fi daɗin yawo.

Ƙaramin abu ɗaya da ya ɓata mini dare guda: soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, irin na Faransa. Cajar Najeriya mai baki uku ba ta shiga. Sayi adafta tun daga gida. Mutanen Nijar su ba ruwansu da wannan matsala.

In za ka iya zaɓar rana, sauka ranar Talata. Dalilin zai bayyana idan mun isa Fas.

Talata: Kasabalanka

Jirgin Royal Air Maroc yana tashi kai tsaye daga Legas da Abuja da Yamai zuwa filin jirgi na Muhammad na Biyar. Agogonsu daidai yake da namu, sai a watan azumi da suke ja da shi baya da awa ɗaya. Kafin ka fita daga filin, sayi layin waya, Maroc Telecom ko Orange ko inwi, ka tsaya a gaban mai sayarwa har ka ga data ta hau. Daga nan kada ka fita waje wurin masu tasi. Akwai tashar jirgin ƙasa a ƙasan ginin, jirgin zai kai ka cikin gari a ƙasa da awa guda.

Riƙe sunaye biyu a ranka, domin Kasabalanka tana da manyan tashoshi biyu. Casa Voyageurs ita ce ta dogon zango: Fas, Marakesh, da jirgin Al Boraƙ mai tsananin gudu da aka buɗe a 2018 zuwa Tanja. Casa Port kuma tana kusa da teku, daga nan ake samun jirage akai-akai zuwa Rabat.

Garin kasuwanci ne, kwana ɗaya ya ishe shi. Ajiye jaka, ka nufi Masallacin Hassan na Biyu kafin La'asar. An kammala shi a 1993, hasumiyarsa mita 210, wani ɓangarensa a kan ruwan Atlantika yake, cikinsa yana ɗaukar mutum 25,000. Je a lokacin salla, domin a Maroko yawancin masallatai ana buɗe su ne dab da kiran salla, a rufe jim kaɗan bayan an idar. Sa takalminka a leda ka shiga da shi. Idan ka tsaya har Magariba, zauna ka saurari karatun hizbi da suke yi a tare bayan salla. Ruwayar Warshu ce, mazhaba kuma Malikiyya. Wanda ya yi makarantar allo zai ji kamar a zauren malaminsa yake.

Tasi ƙanana na Kasabalanka ja ne, suna ɗaukar mutum uku, suna da mita. Kana shiga ka nuna ta ka ce "kontor". Kada ka yi mamaki idan direba ya tsaya ya ɗauki wani a hanya, haka tsarin yake, kowa da lissafinsa. Da dare kuɗin yana ƙaruwa da rabi, wannan doka ce ba cuta ba.

Laraba: Rabat, sannan Fas

Tashi da sassafe, awa ɗaya ce zuwa Rabat. Sauka a Rabat Ville, ba Rabat Agdal ba. Kana sauka ka yanki tikitin Fas na wajen ƙarfe biyu na rana. Hasumiyar Hassan, wadda Sarki Yaƙub al-Mansur ya fara a ƙarni na 12 aka dakatar da ginin da ya rasu a 1199, tana tsaye a mita 44 a tsakiyar guntayen ginshiƙai, kusa da hubbaren Sarki Muhammad na Biyar. Daga nan ka wuce Kasbar Udaya, tsohuwar unguwa mai ganuwa, ka sha shayi kana kallon bakin kogi. Awa huɗu sun wadatar. Duk yawon nan da jakarka a baya za ka yi shi, kada ka sa rai da samun ma'ajiya, kuma a nan ne kilo 14 ɗin nan suka fara karɓar hakkinsu a jikina.

Abin da nake roƙonka shi ne ka isa Fas da sauran rana. Ni na yi jinkiri a Rabat, na hau jirgin yamma, na sauka bayan Isha'i.

Daren da na ɓata

Mota ba ta shiga tsohon birnin Fas. Tasi ya ajiye ni a ƙofar Bab Bujulud, taswirar waya ta ce saura tafiyar minti takwas. Ina shiga lungu na uku ɗigon da ke nuna inda nake ya fara tsalle, saboda katangu dogaye ne, wasu lungunan ma a rufe suke ta sama. Wani matashi ya taso ya ce mini hanyar nan a rufe take, in biyo shi. Na bi. Muka yi ta kwana, hagu da dama, wajen minti ashirin, har muka tsaya a gaban wani gida da ba nawa ba, ya ce nan ya fi nawa araha. Da na ƙi, sai ya nemi ladan rakiya, wani abokinsa kuma ya bayyana a bayana. Na ba shi dirhami 50 na juya. Tsoro na ji sosai, ba zan ɓoye ba. Wani dattijo mai sayar da zaitun, yana cikin rufe shago, shi na nuna wa takardar masaukina. Ya ɗauki wayarsa ya kira lambar, ya ba ni kujera, bayan minti biyar mai gidan ya zo da kansa. Ashe tun farko ban fi taku ɗari da ƙofar ba, kuma hanyar da aka ce a rufe take a buɗe take.

Ga yadda za ka kauce wa wannan. Kwana ɗaya kafin ka iso, aika wa masaukin saƙo ta WhatsApp, ka tambayi wace ƙofar gari ce ta fi kusa da su, ka ce a turo wanda zai tarye ka a can. Sun saba, ba abin kunya ba ne. Sauke taswira a waya tun kana da intanet. Duk wanda ya tare ka da kansa ya ce hanya a rufe take, ka ce "la, shukran", kada ka rage tafiya. In tambaya ta kama, tambayi wanda ke zaune a cikin shagonsa, shi ba zai bar kayansa ya bi ka ba. Kuma ka lura da allunan sunayen lunguna: mai kusurwa shida yana nufin lungun ba ya ɓullewa, mai kusurwa huɗu yana fita. Baƙo ko da ido makaho ne, amma wannan alama kaɗai ta rage mini rabin wahala.

Alhamis da Juma'a: Fas

Birnin a kan gangare yake. Manyan hanyoyi biyu, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, suna gangarowa daga Bab Bujulud zuwa tsakiya, inda babban masallacin Ƙarawiyyin yake. In ka rikice, gangara ƙasa za ka iske tsakiyar gari, ka haura sama za ka fita wata ƙofa. Idan ka ji an yi ihu "balak!" a bayanka, manne da bango nan take: alfadari ne ɗauke da tukwanen gas ko fatu, kuma ba zai tsaya ba.

Alhamis ranar kasuwa da gine-gine ce, domin ranar Juma'a shaguna da yawa a rufe suke. Fara da makarantar Bu Inaniyya ta shekarun 1350, tun da safe kafin ayarin 'yan yawon buɗe ido su cika ta. Tsaya ka dubi bangon da kyau: tayil a ƙasa, sassaƙen farar ƙasa a tsakiya, katakon al'ul a sama, rubutun ayoyi yana zagaye da su kamar ɗamara. Gangara zuwa makarantar Attarin, wadda aka gama a 1325, ƙarama ce amma ta fi taushi a ido. Daga nan Ƙarawiyyin taku kaɗan ne. Tarihi ya nuna wata baiwar Allah, Fatima al-Fihriyya, ita ta kafa masallacin a shekarar 859. Yi Azahar a ciki. A wannan gari aka haifi Ibn Ajurrum, mai littafin Ajuruma da ɗaliban nahawu ke haddacewa a zaurukanmu, a nan kuma ya rasu a 1323. Da na tuna haka ina zaune a kan tabarmar masallacin, sai da idona ya ciko.

Bayan Azahar ka tafi majemar Shuwara. Hancinka zai kai ka. Ana kallonta ne daga saman shagunan fata da ke kewaye, a bakin ƙofa za a miƙa maka reshen na'ana'a ka kanga a hanci. Kafin ka taka matakala ka tambayi nawa za ka bayar idan ba ka sayi komai ba, ku daidaita a ƙasa. Ni ban tambaya ba, sai da muka yi doguwar jayayya a wajen saukowa. Daga sama za ka ga ramuka jere kamar na marinar Ƙofar Mata, farare na farar ƙasa da kashin tattabara inda ake jiƙa fata ta yi laushi, sai masu launi, ja da ruwan ƙasa da shuɗi, majema tsaye a ciki har cinya suna tattakawa. Bahaushe yana da haƙƙin ya kalli wurin nan da wani ido: fatar jar akuyar Sakkwato da ake jemewa a ƙasar Hausa, ayari ya ƙetara da ita Sahara, tana cikin abin da Turawa suka riƙa saye da sunan fatar Maroko.

In za ka sayi takalmin balga ko jallabiya, ciniki kamar na Kurmi ne. Ka ce "bishhal?", wato nawa. In ya faɗa ka ce "bizzaf", ya yi yawa. Taya ƙasa da rabi, ku haɗu a tsakiya. Abu ɗaya dai: kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, kuma shayin da aka ba ka a shago ba bashi ba ne.

Juma'a ka sassauta. Karya da bisara, wato miyar wake da man zaitun, da gurasa mai zafi. Fita masallaci da wuri. Abincin rana kuskus ne, al'adar ranar ke nan a ko'ina a ƙasar. Bayan La'asar ka nufi unguwar Bilida, zawiyar Shehu Ahmad Tijjani, wanda aka haifa a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya rasu a Fas a 1815. Hasumiyarta mai koren tayil ce, ƙofarta ta sha ado. A lokacin ne ake zikirin Juma'a har zuwa faɗuwar rana. Wannan shi ne dalilin sauka ranar Talata. Za ka tarar da 'yan Senegal da Mali da Nijar da Najeriya, da wuya ka fito ba ka ji Hausa ba. Ni wani bawan Allah ne ya dubi hulata ya ce, "Malam, daga ina?" Mata suna da ɓangarensu. Ko kai ba ɗan ɗariƙa ba ne, shiga da ladabi, kada ka ɗaga waya a fuskar masu ibada, kuma masu neman sadaka a ƙofa ka tanadar musu 'yan sulalla a aljihun waje don kada ka riƙa buɗe walat cikin cunkoso.

Asabar: doguwar hanya

Fas zuwa Marakesh ta jirgin ƙasa tana cin wajen awa bakwai. Yanki tikiti tun ranar Alhamis, na safe. A wannan zangon kaɗai nake ba da shawarar ƙara kuɗi a shiga aji na ɗaya, inda ɗaki ke da kujera shida maimakon takwas. Tikitin yana ɗauke da lambar tarago da ta kujera. Sayi ruwa, gurasa, dabino da lemo. In za ka ci, miƙa wa na kusa da kai, su ma haka za su yi maka.

A bakin tashar Marakesh direbobi za su yanka maka kuɗi ninki uku ko huɗu, su ce mita ta lalace. Kada ka yi musu. Taka zuwa babban titi ka tsayar da wadda ke wucewa.

Lahadi: Marakesh

Hasumiyar masallacin Kutubiyya, mai tsawon mita 77, ita ce alƙiblar mai yawo a garin, daga nesa kana hango ta. Da safe ka ga fadar Bahiya, sannan kangon fadar Badi, wadda Sarki Ahmad al-Mansur ya fara a 1578. Shi ne sarkin da rundunarsa ta rusa daular Songhai a 1591, aka kamo malamin Tambutu, Ahmad Baba, aka kawo shi wannan gari, ya yi shekaru yana karantarwa kafin a bar shi ya koma a 1608. Yau shamuwa ce ke sheƙa a kan katangun fadar.

Akwai wurare biyu da ba sa cikin jerin yawancin baƙi, amma a wurinmu sun fi fadojin nauyi. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da azumi, a Marakesh ya rasu a 1149, kabarinsa yana kusa da ƙofar Bab Ailan. Imam Jazuli mai Dala'ilul Hairati shi ma a arewacin tsohon birnin yake kwance. Unguwanni ne na talakawa, ba shagunan tsaraba, ba mai jan hannunka. Hau tasi zuwa Bab Ailan, ka tambayi "Sidi Ƙadi Iyad".

Da yamma kowa yana gangarawa dandalin Jami'ul Fana. Ka je, ya cancanci gani: makaɗan Ginawa da ƙarafunansu, masu tatsuniya, hayaƙin gashi. Sai dai komai a nan da kuɗinsa. Ka ɗaga waya wajen mai maciji ko mai biri, ka ci bashi. Mai lalle za ta iya kama hannun mace ta fara zane ba a sa ta ba, don haka 'yar'uwa ki riƙe hannunki a jiki. A rumfunan abinci, nemi takardar farashi kafin ka zauna, ka mayar da duk ƙaramin faranti da ba ka ce a kawo ba, domin zai fito a lissafi. Zaɓi rumfar da 'yan gari suka cika, ka ci abin da aka dafa a gabanka yana tururi. Ni na ci salak da soyayyen kifi da ya jima a tire, ƙarfe uku na dare cikina ya murɗa, na kwana ina zarya. Gishirin zawon da na taho da shi da ruwan roba su suka tsayar da ni da ƙafata. Washegari na shiga kantin magani, mai alamar kore a ƙofa, na yi bayani da guntun Larabci da nuni, aka ba ni abin da ya dace. Miyar harira da tajin, wato dahuwar nama da kayan lambu a kaskon ƙasa, masu zafi ba su taɓa ba ni matsala ba.

Litinin: komawa

Duba tikitinka tun daren Lahadi, ka dubi kwanan wata da idon basira. Jiragen da ke dawowa Afirka ta Yamma yawanci da dare suke tashi, wasu bayan sha biyu. Idan an rubuta ƙarfe ɗaya saura na ranar Talata, to daren Litinin za ka kasance a filin jirgi. A ɗakinmu na masauki na tarar da wani matafiyi da wannan lissafi ya kuɓuce masa, sai da ya sayi sabon tikiti.

Marakesh zuwa Kasabalanka kusan awa uku ce. Sauka a Casa Voyageurs, ka canza zuwa jirgin filin jirgi, ka kuma tambayi lokacin na ƙarshe tun kana yankar tikiti. Ba wa kanka rarar awa biyu a kan abin da lissafi ya nuna. Dirhamin da ya rage ka mayar da shi dala ko yuro kafin ka wuce shige da fice, da rasit ɗin nan da ka ajiye tun ranar Talata, domin doka ba ta yarda a fita da fiye da dirhami 2,000 ba, kuma a gida da wuya ka samu mai canza maka shi. Man argan da ruwan wardi da ka saya na tsaraba, idan kwalbar ta wuce mililita 100, sai dai jakar ta bi ta awo, ba za a bar ka ka hau da ita a hannu ba. Naɗe kwalaben a cikin rigar sanyi, ka sa kwaɗo, ka cire fasfo da caja ka riƙe a aljihu.